Wa Zai Fara Shiga Ruwa?



A nan ƙasar Kabi, in iskar hunturu ta taso wajen watan Disamba, ba sai ka tambayi kowa ba, kunnenka zai gaya maka. Ka bi lungunan Birnin Kebbi da asuba, za ka ji tari ta bayan kowace katanga. Ka je bakin fadama inda a ke bugun shinkafa, ga ƙura ga ƙaiƙayi, masu aiki sun ɗaure hanci da ƙyalle. Ka shiga gidajen masunta a Argungu, mata na zaune bakin banda, hayaƙi ya sa idanunsu sun yi ja. Mai lafiya ya kan yi tari kwana biyu ya warke. Amma mai ciwon fuka, da tsohon da huhunsa ya gaji, watannin nan uku su kan zame musu kamar shekara.

A irin wannan lokaci ne wani dattijo na wajen Argungu ya zo mana da tambaya. Matarsa ta yi shekaru da yawa tana bandar kifi, yanzu kuwa ba ta iya zuwa rijiya sai ta tsaya a hanya ta huta. An kai ta asibiti, an ba ta abin shaƙa, ta kan sami sauƙi, ciwon kuma ya komo. Ɗansu mai karatu ya gaya masa akwai kamfanoni a Turai da Amurka waɗanda ba su da wani aiki sai neman sabon maganin irin wannan ciwo, kafin su sayar kuwa, sai sun gwada shi a jikin mutane. Dattijon ya ce, "Fasto, in mutanen nan suka zo garinmu suka ce za su gwada a jikin uwar 'ya'yana, in yarda ko in ƙi? Su kuma da ke wannan aiki, lada su ke samu ko alhaki su ke ɗauka?"

Muka ce masa, "Baba, ka ba mu 'yan kwanaki." Gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Abin da muka samu shi ne za mu shimfiɗa a nan, tun da ba shi kaɗai maganar ta shafa ba.

ABIN DA KE DAMUN HUHU

Huhu kamar itace ya ke wanda aka juya kansa ƙasa. Maƙogwaro shi ne kututture, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rabuwa har ya zama siriri kamar zare. A ƙarshen rassan akwai 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda jini ke karɓar iskar da ke rayar da jiki. Mutum ya kan ja numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya bai ma sani ba, sai ran da abin ya yi wuya.

In ƙura, ko hayaƙi, ko ƙwayar cuta ta shiga, jiki yana da nasa dogarai a cikin jini, su kan taso su yi faɗa da baƙon. Wurin faɗan ya kan kumbura, ya tara majina. Wannan kumburi gata ne, muddin ya yi aikinsa ya kwanta. Wahala tana zuwa sa'ad da dogaran suka ƙi komawa gida. Sai hanyoyin iska su ƙuntata, bangonsu ya yi kauri, wani lokaci naman huhu ya yi tabo ya taurare. Haka ciwon fuka ya ke, wanda a ke kira asma. Haka kuma toshewar huhu da ke kama masu shan taba da masu zama cikin hayaƙin itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan toshewar huhu ta kashe mutum wajen miliyan 3.5 a shekarar 2021, asma kuwa tana jikin mutum wajen miliyan 262 a 2019.

Likitoci sun daɗe da magungunan kwantar da kumburi, irin su prednisolone. Suna aiki ƙwarai, amma wanda ya daɗe yana shansu, su kan jawo masa ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi. Saboda haka masu neman sabon magani suna bin bukata ce ta gaske, irin ta matar dattijon nan.

KAMFANIN DA BA SHI DA HAJA

In ka ga ɗan kasuwa ya kafa rumfa, ya ɗauki yara, ya yi shekara goma yana zama bai sayar da ko allura ba, za ka ce ya zautu. Amma haka irin waɗannan kamfanoni su ke. Ba su da abin sayarwa tukuna. Abin da ke hannunsu shi ne wani sinadari da su ke zaton zai yi magani, da kuɗin masu hannun jari waɗanda suka zuba dukiyarsu bisa wannan zato.

Bayan an gwada sinadarin a ɗakin bincike da jikin dabbobi, sai a zo ga mutane, mataki-mataki. A mataki na ɗaya a kan ba mutane kaɗan, galibi masu lafiya, domin a ga ko jiki zai ɗauka, da kuma yawan da ya kamata a sha. A na biyu a kan ba marasa lafiya, watakila ɗari ko ɗari biyu, a ga ko akwai alamar amfani. A na uku a kan tara ɗaruruwa ko dubbai, a raba su biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya su sami sabon magani, ɗayan kuma su sami tsohon magani, ko wani abu mai kama da magani wanda ba kome a cikinsa. Sau da yawa majiyyaci da likitansa duka ba su san wa ya sami wanne ba, sai an gama, domin kada son zuciya ya shiga lissafi. Cikin magani goma da suka fara wannan tafiya, wajen ɗaya ne ke kaiwa kanti.

Ga misali biyu. An kafa kamfanin Verona Pharma a Landan a 2005. Ya yi kusan shekara ashirin ba shi da haja, yana bin wani maganin shaƙa mai suna ensifentrine domin masu toshewar huhu. Aka gwada shi a jikin mutum fiye da 1,500 a mataki na uku, aka ga yana buɗe hanyoyin iska, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a watan Yuni na 2024. A 2025 babban kamfanin nan Merck ya saye Verona a kan dala wajen biliyan 10. Wani kamfani kuma, aTyr Pharma na birnin San Diego a Amurka, ya gwada nasa maganin a jikin mutum 268 masu wani irin kumburin huhu da likitoci ke kira sarcoidosis, da nufin a rage musu shan prednisolone da 'yan'uwansa. A watan Satumba na 2025 ya ba da sanarwa cewa gwajin bai kai ga babban abin da aka nufa ba. Ran nan darajar hannun jarinsa ta faɗi da wajen kashi 80 cikin 100.

Ku lura da abin da wannan ke koya mana. Kamfanin da ransa ya rataya ga amsa ɗaya yana cikin jaraba mai tsanani. Zai so a yi sauri, zai so a sami mutane da yawa a wuri mai araha, zai so labari mai daɗi ya yi nisa, marar daɗi kuwa ya tsaya a ɗaki. Ba mu ce mutanensa mugaye ne ba. Da yawansu sun ba da ƙuruciyarsu ga wannan aiki da zuciya ɗaya. Amma wanda tuwonsa ke cikin shari'a, ba a ba shi kujerar alƙali.

ME YA SA BA ZA A BAR GWAJI BA?

Wani zai ce, "To, a bar gwajin mana. Mutum ba ɓera ba ne." Maganar tana da daɗin ji, amma bari mu duba ta.

Ranar kasuwa, a Argungu ko Kamba ko Jega, mu kan ga mai tallan magani da lasifika, kwalba ɗaya a hannunsa, ya ce tana warkar da tari, da basir, da ciwon baya, da rashin haihuwa. Wa ya gwada ta? Mu ne a ke gwadawa, kowace rana, sai dai ba mai ƙirga wanda ya warke da wanda ƙodarsa ta lalace. Ashe barin gwaji bai hana a gwada magani a jikinmu ba. Ya hana a rubuta abin da ya faru ne kawai, har kuskure ɗaya ya yi ta maimaituwa daga uba zuwa ɗa.

Dubi tarin fuka. Kafin 1940 ba shi da magani sai hutu da abinci da iska mai kyau. Da aka samo streptomycin a Amurka a 1943, likitocin Ingila suka sami kaɗan, bai isa kowa ba. Sai suka raba marasa lafiya 107 da ƙuri'a: 55 suka sami allurar tare da hutu, 52 suka sami hutu kaɗai. Cikin wata shida mutum 4 suka mutu a kashi na fari, 14 a kashi na biyu. Aka buga wannan a 1948. Daga nan aka ci gaba da gwaji har aka gane cewa sai an haɗa magunguna da dama, in ba haka ba ƙwayar cutar ta kan saba da guda ɗaya. Maganin wata shida da a ke ba mai tarin fuka kyauta a asibitocin gwamnati, daga irin waɗannan gwaje-gwaje ya fito. Duk wanda ya sha ya warke, ya ci gumin mutanen da bai taɓa jin sunansu ba.

Dubi kuma shekarar 2020, sa'ad da korona ta cika asibitoci. Abin da ya fi kashe masu tsananin ciwon shi ne kumburin huhu. A lokacin jama'a a ƙasarmu suka yi ta rububin kulorakwin bisa jita-jita. Jami'ar Oxford ta shirya babban gwaji a asibitocin Ingila. Aka ga ɗan'uwan kulorakwin ɗin nan da a ke ta yabo bai rage mutuwa ba. Amma wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, da aka ba mutum 2,104 aka gwama su da 4,321 da ba a ba su ba, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda injin ke yi wa numfashi. Da ba a ƙirga ba, da har yau muna gardama.

Saboda haka amsarmu ta fari ita ce, gwajin magani a jikin mutum halal ne, tilas ne ma. Kogi ya kawo, jama'a na bakin gaɓa da kayansu, dole wani ya fara shiga ya nuna inda mashigi ya ke. Har waɗancan mutum 268 da maganinsu bai kai ba, ba su wahala a banza ba, gama wanda ya komo ya ce, "Nan da zurfi, kada ku bi," shi ma ya yi wa ayari aiki.

Amma akwai wanda ya shiga ruwa da kansa, da gorarsa a ƙirji, ya san abin da ya ke yi. Akwai kuma wanda aka tunkuɗa. Kowane Bakabe ya san bambancinsu.

INDA AKA YI ƁARNA

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe dubban mutane, galibi yara. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitoci Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, domin su gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, wanda an riga an san shi. Yara 11 suka mutu, 5 daga kashi na fari, 6 daga na biyu. Waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, ya ce kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun yarda da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi, ba wanda ya gaya musu suna iya ƙi su je wurin waɗansu likitocin agaji da ke ba da sanannen magani a cikin asibitin nan. Ba a sami takardun yarda da iyaye suka sa wa hannu ba. Daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin gwajin an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata kwanan watan baya. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da kamfanin ya shirya da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Mu ba alƙalai ba ne, ba kuwa za mu iya cewa ga abin da ya kashe kowane yaro ba. Amma ku duba abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi saboda jita-jita, masu ƙin kuwa suna ambaton abin da ya faru a 1996. Kano ba ta komo ga rigakafin ba sai a watan Yuli na 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga sun rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran da suka gurgunce a waɗannan shekaru ba su shiga gwajin kowa ba, amma sun biya bashin amanar da ta karye.

Kada kuma mu zaci baƙar fata kaɗai irin wannan ke samu. A 2001, a jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimore, ana binciken yadda asma ke ƙuntata hanyoyin iska, aka ba wata budurwa mai lafiya, 'yar shekara 24, wani sinadari ta shaƙa. Huhunta ya lalace, ta mutu cikin wata ɗaya. Da aka bincika, sai aka tarar tun wajen 1950 zuwa 1960 likitoci sun rubuta cewa sinadarin yana iya ɓata huhu, masu binciken ba su gano rubutun ba, takardar da ta sa wa hannu kuwa ba ta faɗi haɗarin sosai ba. Ta yarda, amma ba ta san abin da ta yarda da shi ba.

ABIN DA AKA YI A DOSSO

Akwai wani labari kuma daga maƙwabtanmu. In ka wuce Kamba ka ƙetare iyaka, ka shiga jihar Dosso ta Nijar. Daga 2014 zuwa 2017 aka yi babban gwaji a can, a yankunan Boboye da Loga, da kuma a Malawi da Tanzaniya. Tambayar ita ce, in an ba dukan yaran ƙauye 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azithromycin sau biyu a shekara, mutuwarsu za ta ragu? Aka raba ƙauyuka da ƙuri'a. An nemi yardar mai gari tukuna, sa'an nan ta iyayen kowane yaro. Da aka buga sakamakon a 2018, aka ga a Nijar mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan da suka sami maganin. Ciwon haƙarƙari yana cikin cututtukan da mutuwarsu ta ragu. Masu binciken suka faɗi damuwarsu a fili, cewa yawan shan maganin yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Da gwajin ya ƙare kuma, ba su naɗe tabarma suka tafi ba. A shekarar da ta biyo, ƙauyukan Nijar da suka sha abin da ba kome a cikinsa su ma aka ba su maganin gaske.

Wanda ya ba da maganin nan kyauta, Pfizer ne. Kamfani ɗaya, wuri biyu, labari biyu. Ashe abin dubawa ya wuce sunan kamfani ko launin fatar mai zuwa. Yadda aka yi aikin shi ne magana.

YARDAR MAI BUKATA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka yi wa likitocin Jamus shari'a a Nuremberg saboda gwaje-gwajen da suka yi a jikin fursunoni, alƙalai suka kafa ƙa'idodi a 1947, ta farko kuwa ita ce sai mutum ya yarda da kansa, ba tilas, ba ruɗi. Ƙungiyar likitocin duniya ta ƙara nata a Helsinki a 1964. A ƙasarmu, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke ba da izinin gwajin magani, tun 2007 kuma akwai dokar ƙasa da ta ce sai kwamitin ɗa'a ya duba kowane bincike kafin a taɓa mutum.

Dokokin suna da kyau. Amma a nan ne maganar ta fi wuya, kada kuwa mu tsallake ta. Mace ta zo da ɗanta a baya, numfashinsa na fita da ƙyar, ba ta da kuɗin kati balle na magani. Aka ce mata, "Ga magani kyauta, ga gado, ga abinci, sai dai ki dangwala yatsa a nan." Za ta dangwala. Ko takardar sayar da gonarta ce za ta dangwala. To, wannan yarda ce? A gaban doka watakila ta isa. A gaban Allah, wanda ya yi uwar da ɗan da likitan duka, ba ta isa ba sai an tabbata cewa in ta ce a'a, ɗanta zai sami jinya irin wadda zai samu in ta ce i. In ƙin yarda yana nufin mutuwa, ba a ba ta zaɓi ba.

Mu a ganinmu, wanda ya ba da jikinsa a gwada magani domin na baya su amfana, kyauta ya yi, babbar kyauta kuwa, irin ta ƙaunar maƙwabci. Kyauta kuma ba a ƙwace ta, ba a karɓe ta da wayo, ba a karɓe ta daga hannun wanda yunwa ta rufe wa ido. Mai karɓa kuwa ya ɗauki nauyi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Maganin shaƙan nan na Verona, sa'ad da ya fito a Amurka a 2024, kuɗinsa na wata ɗaya dala 2,950 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin masu mutuwa da toshewar huhu kafin su kai shekara 70, kusan kashi 90 cikin 100 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Mun sani kamfani sai ya mai da kuɗinsa, har da na magunguna tara da suka faɗi a hanya. Amma in za a zo a gwada magani a jikin mutanen Kabi, sa'an nan a kai shi inda Bakabe ba zai taɓa iya saye ba, an mai da mu jakin da ke ɗaukar gero yana cin kara.

ABIN DA ZA MU TAMBAYA

In baƙi suka zo da irin wannan aiki, wurin sarki da hakimi da malamai da shugabannin jama'a su kan fara sauka, mutane kuwa su kan dubi bakinmu. Kada mu kore su da jahilci, kada kuma mu buɗe musu ƙofa domin sun gyara mana rufin makaranta. Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da ya kamata a tambaya a gaban jama'a, da Hausa, ko Zabarmanci, ko Dakarci, ko harshen da mutanen wurin ke ji.

1. Wannan sanannen magani ne, ko gwaji ne? In gwaji ne, a wane mataki ya ke, kuma me ya sami waɗanda suka sha kafin mu?

2. Ina takardar NAFDAC, ina ta kwamitin ɗa'a? Wane likita na ƙasarmu ne zai amsa in an neme shi bayan baƙi sun tafi?

3. Wanda ya ƙi, ko ya fara ya fasa, za a ci gaba da yi masa jinya kamar kowa?

4. In maganin ya yi wa mutum lahani, wa zai biya, har yaushe kuma?

5. In an gama, za a komo a gaya mana abin da aka samu, ko mai daɗi ko marar daɗi? In maganin ya yi kyau, mutanenmu za su same shi a kan kuɗin da za su iya?

Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, ya riga ya zo da amsarsu a jakarsa. Wanda ya ce ba lokaci, a yi sauri, to, a bar shi ya yi saurinsa shi kaɗai.

AMSAR DA MUKA BA DATTIJO

Da muka koma wurinsa muka zauna a zaure, muka gaya masa duk abin da ke sama. Muka ce masu wannan aiki suna iya samun lada, suna kuma iya ɗaukar alhaki, ya danganta ga ko sun ɗauki majiyyaci abokin aiki ne ko kayan aiki. Sa'an nan muka ce, "Baba, akwai saura magana ɗaya, ka yi mana haƙuri. Ka ce, in yarda ko in ƙi. Ai huhun na Inna ne. Shawararka tana da nauyi, ita ma ba za ta so ta yi kome ba da saninka ba. Amma in sarki ya yarda, mu muka yarda, kai ka yarda, ita ba a tambaye ta ba, to, tunkuɗa ta aka yi."

Ya yi shiru, ya daɗe yana duban ƙasa. Can ya ce, "Shekara arba'in ban taɓa tambayarta ko hayaƙin nan yana damunta ba." Ya tashi ya shiga cikin gida.

Ba mu san abin da suka faɗa wa juna ba. Amma da muka sake bi ta wurin, mun tarar an fid da banda daga rumfa an kai ta fili inda iska ke bi, jikokinta ne ke juya kifi, ita kuwa tana zaune nesa da hayaƙi da abin shaƙarta a gefe. Wannan magani bai bukaci izinin kowace hukuma ba, kowane gida kuma yana iya fara shi yau.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu neman magani gaskiya da haƙuri, mu kuma ya ba mu hankalin tambaya kafin mu ce wa ɗan wani ya shiga ruwa.